Ƙulli Goma Sha Ɗaya da Rabi

Matata tela ce. Shekara arba'in da ɗaya ke nan tana zaune a bayan keken ɗinki, a wani ɗan shago mai ƙofa ɗaya da taga ɗaya a bakin titinmu, tsakanin mai gyaran rediyo da mai sayar da fenti. Ni kuwa gadin makarantar firamare na yi har ƙarfina ya ja baya aka sallame ni. Karatuna bai wuce aji uku ba, don haka wanda ya ga rubutun nan ya karkace, ya yi mini uzuri. Tun da na bar aiki nake bin ta shagon da safe, in share, in yi mata guga, in zauna a kan benci ina kallon masu wucewa. Mutanen layin Inna Mai Tef suke ce mata, domin ba a taɓa ganin wuyanta babu tef ɗin awo ba. Ko girki take yi yana nan rataye. Ni Tela nake ce mata, ita kuma ta ce mini Malam, alhali ta fi kowa sanin babu abin da na taɓa koya wa wani.

Halinta guda ne wanda kowa ya sani: ba ta yarda da awon da ba hannunta ne ya yi ba. Mace za ta shigo da 'yar takarda ta ce ga awonta wata tela ta rubuta mata. Sai matata ta karɓa da ladabi, ta ninke, ta sa a ƙarƙashin almakashi, ta ce, "To madalla. Ɗaga hannuwanki, 'yata." Takan ce duk wadda ta ce mata ƙugunta talatin da huɗu ne, talatin da takwas take samu, kuma ba ƙarya suke yi ba, so ne yake rage musu inci huɗu. A shekarun nan duka ban ga an dawo mata da riga don ta matse ko ta yi yawa ba. Ni kaina duk shekara sai ta sake auna wuyana, wai tsufa yana cin mutum ta inda bai sani ba.

'Ya'yanmu huɗu. Uku suna nan cikin gari, ta ƙarshen kuma, wadda muke kira Auta, aure ya kai ta wata ƙasa mai sanyi can nesa, inda mijinta yake aikin asibiti. Shekara tara da aurenta. Ciki biyu ta yi suka zube, kuma duka biyun ta waya uwarta ta ji, tana zaune a shago da waya a kunne, ƙafarta a kan keke, ba ta taka ba. A na ukun Allah ya sa ya zauna. Da ya shiga wata takwas, Auta ta buga ta ce, "Inna, ba na son komai. Ki zo kawai ki zauna kusa da ni." Surukinmu ya yi duk wahalar takardu, aka riƙe mata kujera a jirgi har zuwa azahar ɗin ranar Alhamis. In ba a tabbatar ba kafin nan, kujerar ta tafi, kuma ta gaba sai bayan haihuwa.

Abu ɗaya ya tsaya a hanya, ƙafarta ta hagu. Shekara biyu da suka wuce jini ya daskare mata a ƙwauri, ta kwanta asibiti mako uku. Zaman keke ne ya jawo. Kamfanin jirgin ya ce sai da takardar likita, likitan kuma ya duba ƙafar ya daɗe yana latsawa, sannan ya ce, "Inna, in zaman bai wuce awa goma sha biyu ba, zan sa hannu. Ki sa safa mai matse ƙafa, ki sha maganinki, kuma duk awa ɗaya ki tashi ki taka. In ya wuce haka, hannuna ba ya ciki. Awa nawa ne tafiyar?"

Ta ce, "An ce sha ɗaya da rabi."

"Wa ya ce?"

"'Yata."

Likita ya ɗauki biro zai rubuta, sai ta ɗora hannu a kan takardar.

"Dakata, ɗana. Mai son ganina ce ta faɗa. Bari in je in auna."

Likitan ya dube ni, ni kuma na dubi silin. Na san wannan muryar.

Ranar Litinin muka tafi ofishin sayar da tikiti. Ɗaki ne mai sanyi, da kujeru uku da wata yarinya mai tabarau a bayan tebur. Ta miƙo mana takarda: tashi ƙarfe tara na safe, sauka ƙarfe biyu da rabi na rana. Matata ta ƙirga da yatsu.

"Biyar da rabi ke nan."

"A'a, Inna, ai agogon can yana bayan namu da awa shida. Sai ki ƙara."

"Takarda ta ce biyar da rabi, 'yata ta ce sha ɗaya da rabi, ke kin ce a ƙara shida. Awo uku a kan mutum ɗaya? Da riga ce da tuni an ɓata yadi."

A bangon ofishin akwai wata babbar taswirar duniya, an ja jajayen layuka daga filin jirginmu zuwa sauran filaye. Matata ta tashi ta je gabanta, ta zare tef daga wuya. Akwai wata ƙawarta mai sayar da yadi da take hawa jirgi duk bayan wata uku zuwa wani birni a gabas don saro kaya, kuma shekara goma tana gaya mata awa shida ne cif. Wannan awon ta yarda da shi, domin Mai Yadi ba ta da dalilin ragewa, ita kullum ƙorafin tsawonsa take yi. Ta sa yarinyar ta nuna mata birnin, ta ɗora tef. Layin a miƙe yake ta tsakiyar taswirar. Inci goma sha biyu.

"Inci biyu, awa ɗaya ke nan," in ji ta. "Malam, riƙe mini nan."

Na danne bakin tef ɗin da yatsa a kan filinmu. Layin garin Auta ba a miƙe yake ba. Ya tashi ya yi sama ya lanƙwashe kamar hannun tulu, sannan ya sauko. Ta bi shi da tef a hankali, tana lanƙwasawa yadda take bin hammatar riga. Talatin da ɗaya. Ta sake aunawa a miƙe, babu kewaye. Talatin. Ta ɗaga tef ɗin, ta ce, "Sha biyar da rabi. Ko da direban ya daina yawon da yake yi, sha biyar."

Yarinyar ta taso tana murmushi. "Inna, ai ba a auna taswira haka."

"To yaya ake auna ta?"

"Na'ura ce take ba mu."

"Na'urar ta taɓa zuwa can?"

Yarinyar ta ce ita dai ta tabbata sha ɗaya da rabi ne, amma dalilin da ya sa tef ya ce sha biyar, wannan kam ba a koya musu ba. Matata ta yi mata godiya, ta mayar da tef wuya, muka fito.

Da la'asar ta kira Auta. Ina kan benci ina ji.

"Ba zan zo ba, Auta."

Na ji muryar Auta ta tashi daga cikin wayar.

"Na sani, ba ƙarya kika yi mini ba. So ne. Amma na auna da hannuna. Ba zan sa likita ya sa hannu a kan abin da na san ba haka yake ba. Kuma in wani abu ya same ni a sama, ke mai cikin wata takwas za a bugo wa waya. Kin yi rashi biyu, ba zan zama ta ukun ba."

Auta ta yi kuka, ta ce a ba ta Baba. Na karɓa. "Baba, ka yi mata magana mana! Tef fa! Duniya za ta auna da tef ɗin ɗinki?" Na ce ta yi haƙuri, da sauran kwana uku. Abin da na iya faɗa ke nan. Shekara arba'in da shida muna tare, na san matata ba a ture ta da baki. In ka matsa mata sai ta ƙara kafewa. Sai dai ka zauna kusa, ka jira.

Ranar Talata ta zo shago da idanu a kumbure, ta ture ɗinkin mutane gefe. Ta ce tun da ƙafarta ba za ta je ba, hannunta zai je. Ta zaro wani farin ƙyalle mai laushi da ta daɗe tana ɓoyo, ta ce hular sanyi za ta fara yi wa jariri. Ta yanka guda huɗu masu tsini a sama, faɗi a ƙasa, ta haɗa su da fil. Babu kan jariri a shago, sai ta ce, "Malam, kawo gwiwarka."

"Gwiwata kuma?"

"Ita kaɗai ce abu mai sanƙo a nan, ban da kanka, shi kuwa ya yi girma."

Na naɗe wando na miƙa. Ta kifa hular a kan gwiwata, ta gyara, ta zauna daram. Ta cire fil ɗin gefe guda, ta shimfiɗa ta a kan tebur don ta ja alli. Da ta shimfiɗa, sai tsinayen nan huɗu suka rabu, kowanne ya yi nasa wuri, da giɓi a tsakaninsu. Abin da ta gani sau dubu ne. Amma ranar sai na ga hannunta ya tsaya da alli a sama. Ta ɗauki hular ta mayar kan gwiwata, tsinayen suka haɗu. Ta sake shimfiɗawa, suka rabu. Sau uku tana yi, ni dai ina riƙe da wando.

"Malam."

"Na'am."

"Duniyar nan ba cewa aka yi a mulmule take ba?"

"Haka yara suke rerawa a aji."

"To taswirar jiya, ka ga giɓi a samanta?"

Na yi tunani. "Ban gani ba. A cike take har kusurwa."

"Ka ga tattara? Ka ga inda aka tsuke?"

"Babu."

Ta ajiye allin a hankali. "Abin da aka cire daga jikin mulmulallen abu ba ya kwanciya a tebur sai da giɓi. In ka ga ya kwanta sumul, to ja aka yi. Sun ja saman ne, Malam, sun buɗe shi don ya cika takarda. Garin Auta kuwa a sama yake." Ta dafe kai. "Shekara arba'in ina hana mutane, ga shi ni na yi. Rigar na auna a kan tebur, ban auna mai rigar ba."

Sai kuma murnarta ta koma ciki. "To ina zan samo mai rigar? Wa zai ɗaga mini hannun duniya in zagaya tef?"

A nan ne, sau ɗaya a rayuwata, sunan Malam ya yi mini rana. Shekara ashirin da bakwai ina kulle ɗakunan makarantar nan. Na san a ɗakin ajiya, bayan karyayyun kujeru, a kan kabad, akwai wata ƙwallon duniya mai juyawa a kan ƙarfe, wadda aka daina fitowa da ita tun da ƙafarta ta karye. Ni nake kaɗe mata ƙura duk ƙarshen zango. Na ce, "Tela, na san gidanta."

Ranar Laraba da hantsi muka je. Hedimasta ya tarbe mu da fara'a. "Baba Maigadi! Ka dawo karɓar makullanka ne?" Na ce a'a, duniya muka zo aro. Ya yi dariya har da tafa hannu, ya sa aka sauko da ita, aka goge, aka ɗora a kan teburinsa da littafi biyu a ƙarƙashi don kada ta kife. Ya gyara murya zai fara bayani irin nasu na malamai, matata ta ce, "Ranka ya daɗe, nuna mini wuri uku kawai, sauran aikin nawa ne."

Ya nuna mata garinmu, da birnin Mai Yadi, da garin Auta. Ta soka fil a kowanne, da sauƙin hannu yadda ba zai huda ba. Ba ta yi amfani da tef ba, ta ce yana da faɗi, ba zai kwanta a kan tudu ba. Ta ciro jan zare mai kauri daga jaka. Ta ja shi daga filinmu zuwa na Mai Yadi, ta yanke. Awa shida ke nan. Ta ninka shi biyu, ta sake ninkawa uku, ta sami tsawon awa ɗaya, ta yanke wannan guntun ta riƙe a leɓe. Sannan ta ɗaura sabon zare a fil ɗin garinmu, ta ja shi zuwa na Auta.

"Malam, danne."

Na danne. Ta ja har ya yi tsam. Sai ga zaren da kansa ya zame ya hau sama, ta kafaɗar duniya, ta kan teku da wani wuri mai farin fenti. Ta tura shi ƙasa da farce don ya bi inda take gani shi ne miƙe, sai ya ƙi kaiwa fil, sai ta ƙara masa tsawo. Ta sake shi, ya koma kafaɗa.

"Ashe direban ba yawo yake yi ba," ta faɗa ta gefen baki. "Allah ya yafe mini, na ɗauki alhakin bawan Allah."

Ta cire zaren, ta shiga aunawa da guntun nan, duk tsawo ɗaya ta ƙulla. Hedimasta ya sunkuyo yana ƙirgawa a fili kamar ɗan aji ɗaya. Bakwai. Takwas. Ni ban ƙirga ba, ragowar zaren nake kallo yana gajarcewa a hannunta. Goma. Sha ɗaya. Abin da ya saura bai kai guntun ba, ya ɗan haura rabinsa kaɗan.

Ta ciro wani zaren ta sake yi tun daga farko, domin ba ta taɓa sa almakashi a kan awo ɗaya ba. Ya sake ba ta haka. Sai ta zauna a kujerar baƙi, ta rufe fuska da gefen mayafi, kafaɗunta suna rawa.

Hedimasta ya ce, "Inna, shekara goma sha tara ina koyar da wannan darasi da alli, rabin ajin ba sa ganewa. Za ki zo ki yi musu da zare?"

Ta share ido ta ce, "In na dawo. Yanzu tafiya ce a gabana."

Da safiyar Alhamis ta ajiye wa likita zaren a kan tebur. Ya ɗaga shi yana juyawa. "Wannan fa?"

"Awon da ka tambaya. Sha ɗaya da rabi, da ɗan ɗoriya. Ni na auna."

Ya sa hannu yana girgiza kai. Daga nan muka wuce ofishin tikiti, saura awa biyu azahar. Matata ta ce wa mai tabarau, "'Yata, ke ce da gaskiya, ni ce da kuskure. Amma zo in nuna miki dalili, don in wata tsohuwa mai taurin kai ta zo gobe, ki san abin da za ki gaya mata." Ta nuna mata da hular jariri a kan dunƙulen hannu. Da muka fito ta kira Auta. Ban ji abin da Auta ta ce ba, ihu kawai na ji, har wani mai wucewa ya waiwayo.

Ranar tafiya na raka ta filin jirgi tare da babban ɗanmu. Ta sa safar likita, hular tana cikin jaka, jan zaren kuma ta naɗe shi a wuyan hannu. A bakin ƙofar da ba a barin mai rakiya ya wuce, ta cire tef daga wuyanta ta rataya mini. "Riƙe mini. Kada ka auna kowa, za ka kore mini mutane." Ta juya ta shiga, tana ɗan jan ƙafar hagu, ba ta waiwayo ba. Matar da ba ta taɓa yin nisan da ya wuce tashar mota ba.

Washegari da safe wayarta ta shigo.

"Malam, na iso. Ƙafa lafiya lau."

Ta ce duk awa ɗaya takan kwance ƙulli guda, ta tashi ta taka daga kujerarta zuwa ƙarshen jirgi ta dawo, kamar yadda likita ya ce. Wani mutum da ke gefenta ya gaji da tashi yana ba ta hanya, har ya bar mata kujerar bakin hanya. Wajen ƙulli na bakwai ta leƙa ta taga ta ga fari fat a ƙasa, ta ce a ranta, ga wurin fentin nan. Wata ma'aikaciyar jirgi ta tambaye ta zaren na mene ne, ba su da yare ɗaya, sai ta nuna mata agogo ta nuna ƙulli. Daga nan duk awa matar takan zo ta taɓa mata kafaɗa.

"To, da kuka sauka nawa ya rage?" na tambaya.

"Na kwance na sha ɗaya, na taka, na dawo na zauna. Ban kai ga ƙarshen ɗoriyar ba sai na ji taya ta taɓa ƙasa. Sun riga ni da kamar minti goma."

"Ashe awonki ya kuskure."

"An ce iska ce ta tura mu. Iska ba ta cikin awo, Malam. Ka taɓa ganin na auna mutum yana gudu?"

Kwana tara da isarta Auta ta haihu, namiji. Haihuwar ta zo da wuya, kusan yini guda, kuma surukinmu ya gaya mini tun daga farko har ƙarshe hannun Auta yana cikin na uwarta. Sun aiko da hoto a wayar babban ɗanmu. Ga jaririn an sa masa farar hula, ta rufe masa goshi da ido, sai hanci kawai ake gani. Karo na farko ke nan a shekara arba'in da ɗaya da ɗinkinta ya yi wa mutum yawa. Na kira ta na gaya mata haka.

"Laifin gwiwarka ne," in ji ta. "Ka ba shi wata biyu, zai cika ta."

Yanzu wata biyu saura kwana huɗu. Ina buɗe shagon kullum in share, in goge keke, in zauna a benci da tef a wuya. Masu kawo ɗinki suna tambaya yaushe Inna Mai Tef za ta dawo, wasu har da 'yar takardar awonsu a hannu. Nakan ce su ajiye takardar, su jira ta. Hedimasta ma ya sa an gyara wa ƙwallon nan ƙafa, ya aiko a tambaye ni wane irin zare zai saya. Na ce ja, mai kauri, kuma ya sayi da yawa, domin sau biyu take aunawa.